Jona wa firji ruwa kafin azumi: abin da na rubuta rana-rana

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Firjin ya iso unguwarmu Hanwa, a Zariya, da la'asar a bayan a-kori-kura. Na Yaya ne, shekara uku yana gidansa a Kaduna, da ya sayi sabo ya ce a kawo mana wannan. Tsuntsu daga sama gasasshe. Irin mai ƙofa biyun nan ne, dama firji, hagu firiza, kuma a jikin ƙofar hagu akwai ɗan lungu inda ake kara kofi ruwan sanyi ya zubo, ko ƙanƙara. Yaya bai taɓa jona masa ruwa ba ko sau ɗaya. Na tambaye shi dalili a waya, ya yi dariya ya ce, "Kai da ba ka gajiya da wahala, ai ga shi nan, gwada."

Da yake a kishingiɗe aka ɗauko shi, na hana a kunna sai gobe, man kwamfuresa, wato injin da ke sa shi sanyi, ya koma mazauninsa tukuna. Na haska takardar da ke manne a cikinsa, wuta 220 zuwa 240 yake ci, irin tamu. Da na Amurka ne mai cin 110, da sai an fara da neman taransifoma. A bayansa can ƙasa akwai ɗan bakin da ruwa zai shiga, kaurinsa kamar na fensir.

Na yi wa maman yara alkawarin kafin a ga watan azumi za ta sha ruwa daga ƙofar nan. Saura wata guda. A lissafina aikin yini ɗaya ne.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Littafin firjin ya ɓace tun a Kaduna, sai na sa lambar samfurinsa a intanet na sauko da shi. Tiyon da ake buƙata mai faɗin kwatan inci ne, wato milimita 6 da 'yan kai. Wannan ba matsala. Layin da ke ƙasansa ne ya sa na gyara zama: ƙarfin ruwa, a ma'aunin matsi da ake kira PSI, sai ya kai 20 aƙalla, kada kuma ya wuce 120.

Na ɗauko biro. Ruwan da ke gangarowa daga tanki, tsayi ne kaɗai ke ba shi ƙarfi, kowace mita ɗaya tana ba da PSI 1.4 da ɗan ɗoriya. Ke nan kafin a sami 20 sai ruwan yana sama da mita 14, tsayin bene mai hawa huɗu. Tankinmu yana kan ƙarfe mai mita 4. In ya cika maƙil, saman ruwan ya kai mita biyar da rabi, ƙarfinsa bai kai 8 ba. In ya kusa ƙarewa kuwa bai kai 6 ba.

Waɗanda suka ƙera abin nan gidan da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfinsa dare da rana suka ƙera wa. Mu kuwa namu famfon yakan yi kwanaki bai ce uffan ba, ranar da ya ga dama ya zo da tsakar dare, ya fara da iska da jan ruwa. Rijiyar tsakar gida da sumo, injin da ke jawo ruwanta zuwa tanki, su ne ainihin ruwanmu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na yini a Sabon Gari. Shagunan kayan famfo cike suke da bututun rabin inci da na inci ɗaya, amma da ka ce kwata sai a dube ka. Wani ya miƙo mini tiyon nan mai garai-garai da magina ke auna lebur da shi, ya ce, "Alhaji, duk ruwa ne ke bi ta ciki." Wani ya kawo tiyon man janareta. Duka na ƙi. Na lebur ba zai jure matsi ba, na man kuma ba don abin sha aka yi shi ba, warinsa kaɗai ya isa.

Wani dattijo ne ya ce in daina yawo a layin 'yan famfo, in nemi masu sayar wa gidajen ruwan leda kayan tace ruwa. Can na same shi, fari mai ɗan tauri, a naɗe kamar waya. Na sayi mita goma. A nan kuma na sami ƙaramin bawul mai hannu wanda ɗaya bakinsa rabin inci ne ɗayan kwata, da 'yan mahaɗan roba waɗanda ake tura tiyo ciki su cafke shi ba gam ba sifana. Mahaɗi mai baki uku da farin tef na naɗe haƙoran bututu, waɗannan a ko'ina akwai su.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mai gyaran famfonmu ya zo da yaronsa bayan azahar. Shi ya yi aikin gidan nan tun ana gini, hannunsa na da kyau, sai dai ba a faɗa masa abu ya karɓa nan take. Na nuna masa lissafina, ya duba takardar sama-sama ya miƙo mini.

"Malam, tankin nan lita dubu biyu ne fa. Nauyin ruwan kaɗai zai tura shi."

"Oga, ba girma ba ne, tsayi ne. Ko lita dubu goma ka ɗora a kan ƙarfen nan, in saman ruwan bai ƙara nisa da ƙasa ba, ƙarfin da zai iso kicin ɗaya ne."

"To ai sai mu gani."

Muka rufe ruwan gidan daga gindin tanki. Ya yanke bututun ruwan da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya dasa mai baki ukun, ya naɗa tef ya ɗaura ƙaramin bawul. Muka bi da tiyon ta gefen bango har bayan firji. Duka bai ɗauki awa ɗaya ba. Yara sun yi layi kowa da kofinsa.

Ya kara kofi. Aka ji ƙas daga baya, alamar bawul ɗin lantarkin da ke cikin firjin ya buɗe. Shiru. Can sai ga ruwa siriri kamar zaren ɗinki, yana yi yana tsinkewa. Na sa agogon waya, kofi ɗaya ya haura minti biyu bai cika ba. Da ya janye kofin kuma bakin bai daina ɗiga ba, domin irin wannan bawul da matsin ruwan yake samun rufuwa ruf, in babu matsi sai ya riƙa yoyo.

Ya sosa ƙeya ya ce wataƙila iska ce a ciki. Ban ja ba. Na rufe ƙaramin bawul, na sallami yara da alkawari.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na aro agogon auna matsi wurin wani abokina mai aikin sanyi, na ɗaura a bakin tiyon. Allurar da ƙyar ta ɗaga, tana wajen 7. Na ɗauki hoto na tura wa Oga. Amsarsa: "Allah Ya ƙara ilimi."

Ɗaga tanki zuwa mita 14 ba magana ba ce, iskar farkon damina ta Zariya ba za ta bar shi ba, aljihuna ma haka. Babban injin da zai matsa ruwan gidan gaba ɗaya shi Oga ke so, kuma na san shawa za ta yi daɗi. Amma bututun da ke binne cikin bangon nan duk da gam aka haɗa su shekara goma sha da suka wuce, ba su taɓa sanin matsi ba. Ranar da ɗaya ya saki a bayan tayil, kuɗin firjin ma ba zai gyara ɓarnar ba.

Na tsaya a kan ƙaramin injin da zai yi wa firjin aiki shi kaɗai. Girmansa bai wuce gwangwanin madara biyu ba, wuta 12 yake ci ta adafta, kuma yana da makunnin da ke jin matsi: in aka kara kofi matsi ya sauka sai ya tashi, in aka janye ya cika sai ya mutu da kansa. Ban samu a nan ba, na yi magana da wani a Kano.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau ban taɓa firji ba, tanki na hau. Rabon da a wanke shi tun kafin daminar bara. Da muka zubar da ruwan na leƙa da tocila, sai ga jan laka kwance a gindinsa, kaurinta ya kai gaɓar yatsa, ga ƙurar hunturu da ta riƙa shiga ta gefen murfin da ya tsage. Yaron maƙwabta ya shiga da tsintsiya da bokiti, sau shida yana miƙo mini. Maman yara ta tsaya a ƙasa tana kallon abin da ke fitowa, ta ce, "Malam, wannan muke dafa abinci da shi?" Na ce wannan ne ya kwanta, wanda muke ci shi ne bai kwanta ba. Ba ta yi dariya ba.

Wannan ya canza mini tsari. Da ma ruwan leda muke sha, na tanki na wanka da wanki da girki ne. In har za a sha shi ɗanye daga ƙofar firji, to sai an yi masa abin da ya fi abin da firjin zai iya. Filtar da ke cikin firjin ta gawayi ce. Aikinta cire wari da ɗanɗano da 'yan ƙananan tarkace, ba ta kashe ƙwayar cuta. Mutane da yawa kuma suna ɗauka ƙanƙara ba ta ɗaukar cuta, alhali sanyi kwantar da ƙwayar taifot kawai yake yi, in ta narke a kofi ta farka.

Don haka abu biyu. Duk cikon tanki za a zuba ruwan kulorin na tsaftace ruwan sha daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbarsa, a bar shi aƙalla rabin awa. Warin kulorin da Hajiya mahaifiyarmu ke ƙi, gawayin firjin zai ɗauke shi. Sannan kafin injin zan sa filtar laka, irin mai farin zare a cikin kwanon roba mai tsawon inci 10, mai lamba 5 a ma'aunin ƙanƙantar hudojinta, don kada yashi ya ci robar injin ko ya toshe ta cikin firjin, wadda ita samunta sai an aika. Murfin tanki ma na sayi sabo.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Injin ya iso, na karɓa hannun direba a Kwangila. Adaftar da aka haɗo ta yi mini sauƙin nauyi a hannu, ban yarda da ita ba. Na biya ta PZ na sayi wata.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Oga ya zo ba tare da na kira sau biyu ba, yana son ganin ƙarshen gardamar. Muka kafe katako a bango ƙarƙashin wurin wanke-wanke, muka jera: bawul, filtar laka, inji, sai tiyo zuwa firji. A bayan firjin na bar rarar tiyo kamar mita biyu da rabi a naɗe, yadda in za a ja shi a yi shara ba zai fizge ba. Na kuma nisanta shi da kwamfuresa saboda zafi.

Mahaɗan roban nan suna da ladabinsu. Dole bakin tiyo ya yanku daidai, ba a karkace ba, kuma in ka tura za ka ji ya tsaya, to ba nan ne ƙarshe ba, sai ka ƙara dannawa ya wuce zoben robar da ke ciki ya sake tsayawa. Yaron Oga ya yanke ɗaya da reza a gicciye. Da muka kunna inji nan ne ya fara tsartuwa har fuskarsa. Aka sake yanka, aka tura, aka sa 'yar shuɗiyar makullin da ke hana shi zamewa.

Sai gwaji. Firjin ya yi ta tari yana tofar da iska kusan minti guda, sannan ruwa ya ɓarke, baƙi-baƙi kamar an wanke allo. Ummi ta ja da baya ta ce, "Abba, ya lalace!" Garin gawayin filta ne, haka yake yi a farko. Littafin ya ce a zubar da na farkon, muka yi ta cika jug muna juyewa a bokiti har wajen lita goma, kafin nan ya yi garau. Agogo ya nuna inji na mutuwa a kusa da 60. Kofin da ya ci minti biyu, yanzu kafin ka gama bisimilla da salati ya cika.

Oga ya sha kofi biyu, ya goge baki ya ce, "Ai da ma na faɗa maka sai da inji."

Litinin, 24 ga Fabrairu

Ƙarfe uku da wani abu na dare maman yara ta tashe ni. "Malam, tashi, kicin ya zama kogi." Na taka ruwa tun daga ƙofar falo. A cikin duhu abin da nake ji kawai gurnanin ƙaramin injin, yana ta aiki bilhaƙƙi. Na zare adafta, na rufe bawul.

Da gari ya waye na bi tiyon da yatsa. A bayan buhun masara, inda ya bi ƙasa, ɓera ya ɓantare shi, ga sawun haƙora nan biyu. Laifin ba na ɓera kaɗai ba ne. Makunnin injin bai san bambancin kofi da huda ba, shi dai in matsi ya sauka sai ya tura. Da babu inji, da ɗiga kawai zai yi har safe. Da inji kuwa, na hau na duba, kusan kwatan tanki ya tafi, ya jiƙa gindin buhu, ya shiga ƙarƙashin kafet.

An shanya masara a tsakar gida. Hajiya ta fito da carbinta ta duba, ta ce, "Randata dai shekara nawa ba ta taɓa tashin kowa da dare ba." Ba wanda ya amsa.

Na yanke inda ya lalace, na zura tiyon gaba ɗaya cikin bututun da masu wayarin ke binne waya a ciki, na ɗaga shi daga ƙasa na kafe a bango. Adaftar na mayar da ita soket mai makunni kusa da ƙofa. Doka ta fito: wanda ya rufe kicin da dare shi zai kashe inji ya juya bawul. Na ɗana tarko biyu.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ruwa ya zauna, saura ƙanƙara, kuma nan wuta ce ke da magana. Injin ƙanƙarar wani ɗan faranti ne mai gurabu a saman firiza. Firji ya buɗe ruwa na 'yan daƙiƙu ya cika shi, ya jira ya daskare, ya juye a kwando, ya sake cikawa. Amma sai firizar ta yi sanyin da ya dace, wajen 18 ƙasa da sifili, kuma ta daɗe a haka. Kwana biyun nan wutar ba ta haɗa awa biyar a jere ba.

Juyi uku na farko na zubar kamar yadda littafi ya ce. Na huɗu ya taru, aka ɗauke wuta tun safe har magariba, ya fara narkewa, da aka dawo da ita ya sake daskarewa ya zama dunƙule guda. Ƙarfen da ke murɗo ƙanƙara zuwa ƙofa ya yi ta kuka ya kasa juyawa. Sai da na ciro kwandon na zuba masa ruwan ɗumi. Yanzu duk abin da ya taru muna kwashe shi a leda mu tura can ƙasan firiza.

Yara kuma sun gano cewa in babu wuta ko ɗigo ba ya fitowa, ko da tanki a cike yake, tunda bawul ɗin na lantarki ne. Inbatar solarmu ƙarama ce, fitilu da fanka aka yi ta domin su. Na gwada ɗora firjin a kai daga sha ɗaya na safe zuwa uku, lokacin da rana ke tsaka, ta ɗauka. Da dare ban isa ba.

Asabar, 1 ga Maris

Ɗaya ga Ramadan. An cika alkawari, da ƙyar.

Ana kiran magariba aka yi layi. Kofi uku na farko sanyi har haƙori. Na huɗu da na biyar sai a hankali, na shida kuwa ruwan tanki ne kawai da ya yini a rana. Ashe ruwan da ke yin sanyi ɗan kaɗan ne, wanda ke kwance cikin wata 'yar ma'ajiya a bayan aljihun kayan miya, in ya ƙare sai wanda ya shigo ya ɗauki awanni. Daga gobe za a riƙa tara jug biyu tun azahar a sa a ciki.

Ƙanƙarar da muka tara kwana biyu ta shiga zoɓo da kunun aya, ta ƙare tas. Kafin isha yaran maƙwabta uku sun yi sallama da kwanoni, wai a taimaka musu da ƙanƙara, labari ya zaga cewa firjin gidan Malam da kansa yake haifarta. Na ƙirga, juyi ɗaya 'ya'ya goma ne, kuma in wuta ta zauna yakan kai awa biyu kafin wani. Wannan ba zai shayar da layi ba. Maman yara ta koma ƙulla ruwa a leda tana jerawa a firiza kamar kowace shekara, sai dai yanzu daga ƙofar firjin take tara.

Alhamis, 13 ga Maris

Zafi ya sauka sosai, rijiya ta ja baya. Ƙasan Zariya dutse ne, rijiyoyin unguwarmu ba su da zurfin kirki, duk bazara haka muke yi da su. Sumo ya fara jawo ruwa mai kalar shayi, jiya kuma sai da muka sayi kura biyu wurin 'yan garuwa aka juye aka tura sama.

'Ya'yan ƙanƙarar ne suka fara ba ni labari: sun ƙanƙance, wasu da rami a ciki, alamar farantin ba ya samun cikarsa. Na kwance kwanon filtar laka. Zaren da na sa fari fat kwana goma sha tara da suka wuce ya koma jan bulo, in ka matsa shi laka ke fita. Mai shagon ya ce mini wata uku take yi. Wataƙila da damina. Na sa sabuwa, na sayo uku na ajiye.

Wata matsalar da ban yi tunaninta ba: shekaranjiya tanki ya ƙare ƙaf da rana, wani ya kara kofi, inji ya tashi bai sami abin turawa ba, ya yi ta gudu a bushe har ya yi zafi kafin Ummi ta ji ƙararsa ta kashe. Akwai ɗan makunnin da ake sawa kafin inji, mai yanke wuta in ruwa ya ɗauke. Na yi wa mutumin Kano magana.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Sallah. Makunnin ya iso tun makon jiya, na sa shi, na gwada ta hanyar rufe bawul, inji ya mutu nan take. Tarko ya kama biyu. Filtar cikin firjin wata shida ake ba ta, na rubuta 22 ga Agusta da alli a jikin katakon, na kuma fara cigiyar irinta tun yanzu. Abin da ya rage shi ne in kai ruwan a gwada shi a ɗakin gwaji bayan hutu, don kulorin ɗin nan da ido da hanci kawai nake auna aikinsa.

Hajiya har yau randarta take sha, amma tun tsakiyar azumi takan aiko Ummi da kofin silba a jefa mata 'ya'ya biyu.

Yaya ya zo gaishe ta da yamma. Ya tsaya gaban tsohon firjinsa ya kara kofi, ya sha, ya danna ƙanƙara ta zubo, ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya daɗe yana kallon katakon. Sabon da ya saya ma irin wannan ne, har yau bai jona ba. Ya ce in turo masa Oga Kaduna ranar Asabar. Na ce, "Yaya, kafin nan a sa yaro ya auna mini tsayin tankinka, ya kuma buɗe murfin ya ɗauko mini hoton cikinsa."